Kowa na cewa Masha Allah, amma ba wanda ya kira ni aiki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai zane ne a kwamfuta, ina zaune a Hotoro. Shekara uku ke nan ina yin fosta, tambarin kamfani da katin biki da CorelDRAW da Photoshop. Na tara ayyukana guda 64 a Behance, shafin da masu zane ke baje ayyukansu a intanet, na kuma haɗa su a PDF na ajiye a Google Drive. Duk wanda na tura wa sai ya ce Masha Allah. Amma na nemi aiki wuri bakwai, ko amsa babu. Don Allah a duba min, a gaya min gaskiya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Tunda gaskiya ka nema, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na fara da PDF ɗin. Ina dannawa sai Google Drive ya ce in nemi izinin mai shi. Idan haka ka tura wa wuraren nan bakwai, to mai yiwuwa ba ƙin aikinka suka yi ba, ba su ma gan shi ba. Ba manajan da zai zauna jiran matashi ya buɗe masa ƙofa. Ka shiga wajen rabawa ka mayar da shi "Anyone with the link", sannan ka gwada da wayar wani wanda ba da imel ɗinka ya shiga ba. Da ka ba ni izinin kuma sai na tarar nauyinsa megabait 48 ne. Gmail kansa ba ya ɗaukar abin da ya wuce 25 a maƙale. Ka sake fitar da shi, ka rage girman hotunan har ya dawo wajen megabait 5, yadda Alhajin Kantin Kwari zai buɗe shi a WhatsApp ba tare da ya yi tsakin data ba.

Sai shafin Behance. Wurin ya dace da irin aikinka, kyauta ne, kuma tun 2012 yake hannun Adobe. ArtStation, wani shafin irinsa wanda Epic Games ta saya a 2021, ya fi karkata ga masu zanen wasannin kwamfuta da finafinai, don haka kada ka wahalar da kanka da shi yanzu.

Hannunka yana da kyau, ba yabon ganin ido nake yi ba. Tambarin da ka yi wa mai kilishi, launi biyu kacal, ja da baƙi, ana iya buga shi a leda ko a allon shago ya fito tsaf. Wannan aikin ƙwararre ne. Amma sai da na wuce ayyuka talatin da wani abu kafin na kai gare shi. Abin da ke sama fostocin zaɓen 2023 ne guda tara, duk tsari ɗaya: ɗan takara ya harɗe hannu, rubutu mai inuwa, haske na fita ta bayan hularsa. Na san su suka ciyar da kai a lokacin, ba na raina su. Sai dai wanda ya ga uku daga ciki ya ɗauka iyakarka ke nan, ya rufe.

Ka zaftare ayyukan nan 64 su dawo goma, iyaka goma sha biyu. Zai yi maka ciwo, na sani. A ƙarƙashin kowanne ka rubuta layi biyu ko uku: me mai aikin ya nema, wace matsala ka tarar, yaya ka warware ta. Idan kana da zanen farko da ka yi da biro a takarda, ɗauki hotonsa ka sa kusa da wanda aka gama. Yanzu da kowa ke iya ɗauko tsari a Canva ya canja suna, abin da ke raba ka da su shi ne a ga yadda ka yi tunani.

Akwai wani abu da ya tsaya min a rai. A wani katin ka rubuta "Ɗaurin Aure", amma harafin farkon ya fita daban da sauran, siriri, kamar baƙo a gidan biki. Dalili shi ne salon rubutun da ka zaɓa ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa, sai kwamfuta ta aro daga wani wuri. Salon rubutu na Noto Sans da na Andika duk suna da ɓ, ɗ da ƙ, kuma kyauta ne. Ga mai zane Bahaushe wannan jari ne, domin ƙungiyoyin da ke buga saƙon lafiya da Hausa suna lura da shi. Haka nan ka goge lambobin waya da sunayen ango da amarya daga katunan da ka baje. Amana ce.

Batun Masha Allah kuwa, kada ka ga laifin abokanka. Kara suka yi maka, kuma tambayar da ka yi musu ce ba ta da wata amsa. In ka ce wa mutum "ya ka gani?" me kake so ya ce? Ka ce masa, "Cikin goman nan, wanne zan cire?" Nan za ka ga ya yi shiru, ya sake dubawa. In mutum uku suka nuna abu ɗaya, cire shi ko da kai ka fi son sa.

Kuma ka zaɓi wanda za ka tambaya. Ka je maɗaba'a ka sami mai kula da inji lokacin da ba layi, ka saya masa lemo. Shi ba ruwansa da kara. Zai gaya maka shuɗin nan da ke walƙiya a fuskar kwamfutarka na RGB ne, wato tsarin launin fuskar kwamfuta, in aka buga shi da CMYK, tsarin launin tawadar inji, dusashewa zai yi, kuma ba ka mayar da rubutu zane da Ctrl+Q a CorelDRAW ba kafin ka kawo. Ka leƙa wajen masu tace finafinai a Zoo Road su ma. Duk wanda ka samu, miƙa masa wayar ka kama bakinka, ka zuba wa babban yatsansa ido. Inda ya tsaya, aiki ne. Inda ya zarce da sauri, ka samu amsarka. Ka gyara, ka sake turo min bayan mako biyu.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a BUK, ina zana hotunan mutane da manhajar ibisPaint a waya. In na tura ta WhatsApp sai hoton ya dusashe. Sannan ina tsoron a sace min aiki, shi ya sa nake rubuta sunana ɓaro-ɓaro a tsakiyar kowane zane. Daidai ne?

Amsa: Ƙanwata, WhatsApp matse hoto yake yi don ya rage nauyi. Ki tura shi a matsayin "Document", zai isa yadda kika fitar da shi. Sunan da ke tsakiya kuwa ki ɗauke shi. A zanen da kika turo ya ratsa ta kan idon tsohuwar, alhali idon nan ne ya fi komai kyau a aikin. Ki mayar da shi ƙarami a gefe, ki riƙa ɗora ƙaramin kwafi a intanet, asalin mai dukkan shimfiɗunsa ya zauna a wurinki. Ki kuma adana gajeren bidiyon da manhajar ke ɗauka na yadda kika zana shi daga farko, ki haɗa da shi duk lokacin da kike neman aiki.