Ɗana na buga ƙwallo, jami'ar Amurka za ta ɗauke shi? Amsoshin wasiƙunku

Wasiƙun makon nan kusan duk hanya ɗaya suka bi: yaro na taka leda, iyaye na hango masa karatun jami'a kyauta a Amurka. Na tsamo biyar.

Tambaya: Malam, ɗana shekararsa 15, yana aji tara a nan Bronx. Kocinsa na kulob yana yabonsa, amma har yau ba jami'ar da ta neme shi. Na kasa barci. Ko mun makara ne? Daga wata uwa a New York.

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki ki yi barcinki, ba ku makara ba. Dokar NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i, ta hana kocin rukuni na ɗaya (mafi girma cikin rukunai uku na wasannin jami'o'i) kiran yaro ko tattauna ɗauka da shi kafin 15 ga Yuni na shekarar da ya gama aji goma. Shirun da kike ji na doka ne. Abin da zan so ki sa wa ido yanzu shi ne takardar sakamakonsa. Ana bukatar darussa 16 da hukumar ta amince da su, da matsakaicin maki (GPA) akalla 2.3 a rukuni na ɗaya, 2.2 a na biyu. Ki je makarantarsa, ki zauna da mai ba ɗalibai shawara, ki tambaye shi ko darussan da yaron ke ɗauka suna cikin jerin. In lokaci ya yi, yaron ne zai rubuta wa koci da kansa, ba ke ba, ba babansa ba. Koci na son jin muryar wanda zai horar. Allah ya raya mana shi.

Tambaya: Ina tuƙin tasi a Columbus. Ɗana ya samu imel daga jami'o'i shida suna gayyatarsa sansanin gwaji, kowanne da kuɗinsa. Wani kamfani kuma ya ce in ba shi dala 3,000 ya haɗa shi da koci-koci. Wanne zan fara biya?

Amsa: Alhaji, mayar da katinka aljihu tukuna, mu yi lissafi.

Imel ɗin nan da ya sa ka murna, buɗe shi ka sake karantawa. Ya ambaci wasan da aka ga ɗanka ya buga? Ya faɗi lambar da yake bugawa? In sunansa kawai aka liƙa a sama, sauran kuma zance ne da zai dace da kowane yaro, to talla ce, dubban gidaje sun samu irinta a rana ɗaya. Sansanin gwaji hanyar samun kuɗin shiga ce ga masu shirya shi. Yana da amfani idan koci ya riga ya ga bidiyon yaro, ya ce yana son ganinsa ido da ido. Ban da haka, kuɗin mai da na otal kawai za ka ƙona, ka dawo da riga mai tambarin jami'a.

Kamfanin kuwa, me zai yi maka da dala 3,000? Adireshin imel na kowane koci yana shafin jami'arsa, kyauta. Bidiyon minti uku zuwa biyar, wayarka ta isa, in dai ka samu wuri mai tudu ka tsaya, ka daina ihu cikin hoton.

Ga abin da masu tallar ba sa faɗa. Shekara da shekaru, ƙungiyar maza ta rukuni na ɗaya tallafin karatu 9.9 kacal aka yarda ta bayar, ta mata 14, kuma a yayyanka wa yara kusan talatin. Wannan ya samu rubu'i, wancan kuɗin littattafai, wani ko sisi. A 2025 an cire wannan iyaka ga jami'o'in da suka shiga sabon tsari, aka ƙayyade 'yan wasa 28 a ƙungiya. Cire iyaka bai haifar da kuɗi ba. Ƙwallon ƙafa irin tamu ba ita ke cika asusun jami'o'in Amurka ba, kuma wasu ƙungiyoyin rage yara suka yi. Ga shi tun 2018 akwai rajistar sauya sheƙa, inda koci zai iya ɗauko ɗan shekara 21 da ya riga ya goge a wata jami'a maimakon ɗanka ɗan 17.

Na taɓa zama kusa da wani bawan Allah a bakin fili, ranar Asabar, sanyi na kaɗawa. Ya ciro wata ambulan daga aljihun jaka, cike da rasit na shekara huɗu: kuɗin kulob, tikitin jirgi zuwa gasa, otal, sansani bayan sansani. Muka haɗa su a waya. Abin da ya kashe ya ninka tallafin da aka yi wa ɗansa tayi. Ya yi shiru, can ya ce, "Da na san haka, da adashi na zuba." Wannan mutum dare yake kwana a mota. Kuɗin da aka samu da ciwon baya bai kamata a watsa shi don imel ɗin da kwamfuta ta tura ba. Zaɓi jami'a biyu da suka amsa wa yaron da sunansa da wasansa, ka kai shi can. Sauran huɗun ka goge.

Tambaya: Daga Kano nake. Wani ajan ya ce zai samo wa ƙanena cikakken tallafi a Amurka in muka biya naira miliyan huɗu. Ya ce a rage masa shekaru uku a fasfo. Har ya nuna mana takarda mai hatimi.

Amsa: Hatimi? Je ka duk shagon buga takardu a Sabon Gari, kafin ka gama shan lemo an yi maka uku. Wannan cinikin biri a sama ne, ɗan'uwa, kuma maganar rage shekaru kaɗai ta isa ku tashi daga tabarmarsa. Takardun WAEC na yaron suna ɗauke da shekarar da ya gama sakandare, kuma su cibiyar tantancewa ta NCAA za ta duba. A rukuni na ɗaya, shekara ɗaya ake ɗaga wa yaro ƙafa bayan sakandare. In ya ci gaba da buga gasa bayan nan, ana zaftare masa shekarun wasa. In ya taɓa sa hannu a kwantiragin ƙwararru yana karɓar albashi, wannan ma wata matsalar ce. Ƙarya a takardun biza kuma tana iya rufe masa ƙofar ofishin jakadanci har abada.

Tayi na gaskiya daga koci yake fitowa, ta imel ɗin jami'a mai ƙarewa da .edu, kuma sunan kocin yana shafin makarantar. Jami'a ce ke ba da takardar I-20 da ake neman bizar karatu da ita, ba ajan ba. Alkawarin baki, ko na kocin gaske ne, ba ya ɗaure kowa sai an sa hannu a takardar tallafi. Ku kuma binciki dokar biza ta yau kafin ku kashe ko kwabo, don tun 2025 ake ta tsaurara ta ga ƙasashenmu.

Hanya tana nan, ban ce babu ba. Abu Danladi ɗan Ghana ya fito daga makarantar ƙwallo ta Right to Dream, ya yi sakandare a Kalifoniya, ya buga wa jami'ar UCLA, aka ɗauke shi na farko a zaɓen 'yan wasan MLS, babbar gasar ƙwallon Amurka, na 2017. Ta aji da allo ya bi. Kada ku sayar da fili ko ɗan kunnen mahaifiyarku.

Tambaya: 'Yata ta samu gurbi a jami'ar rukuni na uku, kocin na sonta. Amma an ce can ba a ba da tallafin wasa. Ina jin kunyar faɗa wa dangi. Daga wani uba a Maryland.

Amsa: Gaskiya ne, rukuni na uku ba ya ba da tallafin wasa. Harvard da Yale ma ba sa bayarwa, kuma su a rukuni na ɗaya suke. Abin da ake bayarwa tallafin ƙoƙari a aji ne da na ƙarancin hali, kuma wannan ba ya tafiya ranar da gwiwa ta goce. Cike FAFSA, fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin Amurka, in kuna da takardun da suka cancanta, ka shiga shafin jami'ar ka nemi ma'aunin ainihin abin da za ka biya, ka kwatanta da sauran tayi. Idan kun je ziyara, bar ta ta tambayi 'yan ƙungiyar ko koci na cika alkawari, kai kuma ka duba wurin salla da abincin halal. Yarinya ta samu inda za ta yi karatu ta kuma buga wasa, ba zaman benci ba. Kira dangi ka yi musu albishir.

Tambaya: Wane takalmi ne ya fi jan hankalin koci, na dala 280 ko na 90?

Amsa: Koci ƙafar yake kallo. Sayi na 90, ka tabbata ya yi masa daidai, don nan da wata shida zai matse shi.