Ɗauko ɗan ƙanwa daga Kano zuwa Damagaram: a shigo da shi da sunan ubansa

Tambaya: Assalamu alaikum lauya. Ina zaune a Garin Malam, nan Damagaram. Shekarata 38, maigidana 46, shekara 14 da aurenmu Allah bai ba mu haihuwa ba. Ƙanwata da ke aure a Kano ta rasu wata biyar da suka wuce, ta bar yaro namiji ɗan shekara biyu da rabi. Ubansa ɗan Najeriya ne, ya ce ya ba ni shi halak malak. Mahaifiyarmu tana nan da ranta amma ƙarfi ya ƙare. Wani ya ce mu ɗauko shi kawai, in mun zo a nemi shaidu a yi masa takardar haihuwa da sunan maigidana, saboda lakwal da gado. Maigida kuma yana tambaya ko akwai hanyar da doka za ta mayar da shi ɗanmu. Yaya za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan ƙanwarki, ya raya abin da ta bari.

Shawarar nan ta yin takardar haihuwa da sunan maigida, ku bar ta tun yanzu. A dokar Nijar laifi ne mai zaman kansa a jingina wa mace ɗan da ba ta haifa ba, kuma shaidun da za su rantse a gaban alƙali su ma sun shiga ciki. Da wannan tuhuma aka gurfanar da mutane kusan 30 a Yamai a 2014, har da manyan ƴan siyasa da matansu, a kan jariran da aka ce an shigo da su daga Najeriya ta ƙasar Benin. Dokar da aka yi musu shari'a da ita ta tanadi ɗaurin shekara 2 zuwa 8, kuma a watan Maris na 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta Yamai ta yanke hukuncin ɗauri. Na san niyyarki zumunci ce, amma mai gabatar da ƙara takarda yake dubawa, takardar kuwa cewa za ta yi kin haifi yaro a Damagaram alhali an haife shi a Kano.

Ko hukuma ba ta taɓa gano ku ba, yaron ne zai kwana ciki. Yana da gadon uwarsa, gobe yana da gadon ubansa a Kano, takardar ƙarya kuma ta raba shi da hujjar duka biyun. A nan gida kuwa, ranar da ta Allah ta kasance ga maigida, ƴan'uwansa sun san ba ɗansa ba ne, kuma rabon gado a kotunanmu bisa al'adar mamacin ake yi, wato ga Musulmin Damagaram bisa fiƙihun Malikiyya. Mutum ɗaya cikin magada ya buɗe baki, takardar ta rushe, yaro ya tashi babu tsuntsu babu tarko. Aya ta 4 da ta 5 ta Suratul Ahzabi ma umarninsu ke nan, a kira ƴaƴan riƙo da sunan iyayensu maza.

Tambayar maigida kuwa tana da amsa biyu, ɗaya a can, ɗaya a nan. A Najeriya, dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003, a sashe na 131, ta shar'anta cewa in miji da mata ne za su mayar da yaro ɗansu, dole su biyun su zama ƴan Najeriya, kuma mai nema ya shekara biyar yana zaune a jihar. Kowace jiha da tata dokar, ta Kano a 2023 aka sa mata hannu, amma a sha'anin renon yaro Musulmi kotunan Shari'a ne ke hukunci. Akwai kuma yarjejeniyar Heg ta 1993 da ta tsara ɗaukar yara tsakanin ƙasa da ƙasa. Ta fara aiki a Nijar ranar 1 ga Satumba 2021, sai dai Najeriya ba ta cikinta, don haka babu wata hanya ta ma'aikata zuwa ma'aikata da za ta ɗauke muku aikin. Komai ta kotu zai bi.

A Nijar, kundin dokar da muka gada daga Faransa, wanda ƴan boko ke kira Code civil, ya san hanya iri biyu ta mayar da yaro ɗa. Na farko shi ne wanda yaro ke yanke alaƙa da danginsa ya zama kamar ɗan cikinku. Wannan na yaron da bai kai shekara 5 ba ne, wanda iyayensa suka rasu, ko ba a san su ba, ko suka yasar da shi. Naku ubansa na raye kuma bai yasar da shi ba, don haka ƙofar a rufe take. Na biyu shi ne wanda yaro ke nan cikin danginsa amma ya samu matsayin ɗa a wajenku. Sharuɗɗansa kun cika su: aure sama da shekara 10, ɗayanku ya haura 35, babu haihuwa, kuma kun girme shi da fiye da shekara 15. Yana buƙatar yardar uba a rubuce da hukuncin kotu. Duk da haka ban ba ku shawararsa ba. Abin da maigida ke nema da shi gado ne, gadon kuwa shi ne dai inda magada za su tsaya su ce a bi al'ada, sai a shafe shekaru ana hawa da sauka a kotu. Abin da ya dace da ku shi ne riƙo, amma riƙo mai takarda.

A nan kina da ƙarfi fiye da yadda kike zato. A Malikiyya, kamar yadda yake cikin Risala, in uwa ta rasu reno na komawa ga kaka ta wajen uwa, daga ita sai ƴar'uwar uwa. Ke nan bayan mahaifiyarku ke ce, kina gaban dangin uba. Renon namiji kuma yana kaiwa har balaga. Tunda innarsa ce ke, muharramarsa ce har abada, babu zancen shamaki idan ya girma a ɗakinki. Amma akwai wani sharaɗi da mutane ke mantawa: malaman mazhabar sun ce idan mai reno za ta zauna nesa da waliyyin yaro da tafiyar baridi shida, wanda bai kai kilomita 150 ba, waliyyi yana da ikon karɓar ɗansa. Tsakanin Kano da Damagaram kusan kilomita 240 ne. Saboda haka zaman yaron a wajenki ya rataya ne ga yardar uban, kuma "na ba ki halak malak" da aka faɗa cikin zaman makoki ba ta isa ba. Uba na nan a matsayin waliyyi, ciyarwa na wuyansa a shari'a ko da ke kika ɗauke masa, kuma yana iya zuwa bayan shekara biyar, ya yi sabon aure hankali ya kwanta, ya ce a ba shi ɗansa. Gara ki san wannan tun yau.

Aikin daga Damagaram zai fara, kafin ki shiga mota. Ki nemo takardar haihuwar marigayiya da takardarta ta shaidar ƴar ƙasa. Dalili shi ne tun gyaran da aka yi wa dokar zama ɗan ƙasa a 1999, ɗan da ƴar Nijar ta haifa ɗan Nijar ne ko da ubansa baƙo ne, kuma tun 2014 doka ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu. Wato yaron nan ɗan Nijar ne ta wajen uwa, ɗan Najeriya ta wajen uba, ba ya buƙatar sunan kowa kafin ya shiga lakwal ko ya zauna jarrabawa. Sannan a yi zaman dangi a rubuta, mahaifiyarku ta faɗa a gaban shaidu cewa ta bar miki reno saboda tsufa, a kai a tabbatar da takardar a kotu.

A Kano, uban zai karɓo takardar haihuwar yaron daga hukumar ƙidaya ta ƙasa, da sunansa da na ƙanwarki. Katin da asibiti ke bayarwa ranar haihuwa ba ya tsayawa matsayinta. A haɗa da takardar rasuwar uwar da katin rigakafi. Daga nan ku je kotun Shari'a ta yankin da yaron yake, ke da uban da wani babba daga danginsa, baffa ko kaka, a nemi hukuncin da ya damƙa miki reno. Ku kula da kalmomin hukuncin sosai. Ya ambaci cikakken sunanki yadda yake a katinki, ya faɗa ƙarara cewa uba ya yarda yaro ya zauna a Zinder cikin Jamhuriyar Nijar, ya ba ki ikon sa shi makaranta, kai shi likita da sa hannu idan za a yi masa aiki, da yin tafiya da shi. Hukuncin da ya ce "an ba ta riƙo" kawai, bai ambaci fita da yaro daga ƙasa ba, shi ne ke tsayar da mutane a kan iyaka. A kuma rubuta lokutan da zai je ganin dangin ubansa, da abin da za a yi idan kin rasu ko aurenku ya mutu. Da sunanki ake ba da renon, ba da na maigida ba, kuma ya kamata shi ma ya fahimci hakan.

Kada kuɗi su shiga tsakaninku da uban, ko da sunan alheri ne ko na rage hidimar sadakar arba'in. A Najeriya akwai hukumar NAPTIP da dokar yaƙi da safarar mutane ta 2015, a nan akwai tamu ta 16 ga Disamba 2010, kuma tun da aka gano yara tara ƴan Kano da aka sace aka kai Anambra a 2019, jami'ai ba sa wasa da ƙaramin yaro a hannun wanda ba iyayensa ba. Kuɗin da ya canza hannu dab da ɗaukar yaro kamannin ciniki yake ɗauka, bayani kuma sai a ofis.

Takardun Najeriya ba sa aiki a kotunmu haka nan. Sai ma'aikatar harkokin waje a Abuja ta buga musu hatimi, sannan ofishin jakadancin Nijar, ko ƙaramin ofishin da ke Kano, ya tabbatar. A ofishin jakadancin ne kuma za ki nemi a shigar da haihuwar yaron cikin rajistar ƴan Nijar da aka haifa a waje. Bayan haka a fassara su zuwa Faransanci a wajen mai fassarar da kotu ta rantsar, ko da da Hausa aka rubuta hukuncin.

A wannan gaɓar ce akasarin takardu ke maƙalewa, kuma a kan abin da ba a ɗauka komai ba: rubutun suna. Wadda takardar Damagaram ta kira Aïchatou Mahamadou, a Kano an rubuta ta Aisha Muhammad. Ousmane ya koma Usman, Hadiza ta koma Khadija. Mu duka mun san mutum ɗaya ne, amma magatakardan kotu mata biyu yake gani, kuma in uwar da ke takardar yaro ba ita ce ke takardar ƴar ƙasa ba, hujjar zamansa ɗan Nijar ta karye. Ki tafi da takardun marigayiya a hannu ranar da za a rubuta ta yaron, a kwafi sunan harafi da harafi. In an riga an yi ta da wani rubutun, uban ya yi takardar rantsuwa a babbar kotu cewa sunayen biyu na mace ɗaya ne, ita ma a buga mata hatimi tare da sauran.

Ranar tahowa, mafi kwanciyar hankali shi ne uban ya rako ku har ku tsallake, ta Kwangwalam da Ɗan Barto ko ta wajen Magarya, ku bi ta gaban jami'ai. Kada a ɗora yaro a babur a bi daji don gudun tambaya, domin shi ne ke mayar da mai gaskiya abin zargi in aka haɗu da ƴan sintiri. Tun 29 ga Janairu 2025 Nijar ta fita daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, don haka kada ku dogara da sabo na da. Fasfo ɗin yaro, wanda uban ne zai nema masa, da hukuncin kotu na asali su kasance a jakarki, kwafinsu kuma a wata jakar dabam.

In kun iso, saura aiki biyu a babbar kotun Zinder. Na farko, neman alƙali ya ba hukuncin Kano ƙarfin aiki a Nijar. Zai duba ko kotun da ta yanke shi tana da hurumi, ko an ji ta bakin uban, ko hukuncin ya zama na ƙarshe, da ko bai saɓa wa tsarin ƙasa ba. Saboda haka ki taho da kwafin da kotun can ta buga wa hatimi, tare da shaidar cewa ba a ɗaukaka ƙara ba, in ba haka ba sai kin sake komawa Kano. Na biyu, takardar shaidar ɗan ƙasa ta yaron, bisa takardar haihuwarsa da ta uwarsa.

Batun dukiya kuma akwai hanyoyi halattattu. Kasonsa na gadon uwarsa a fitar a rubuta tun yanzu: miji na da rubu'i, mahaifiyarku sudusi, mahaifinku sudusi in yana raye, sauran na yaron ne in shi kaɗai ta bari. Maigida zai iya yi masa wasiyya har sulusin dukiyarsa tunda ba magajinsa ba ne, a rubuta da shaidu a ajiye wajen notar, wato jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da takardu. Kyauta da rai kuwa ba ta da iyakar sulusi, amma a Malikiyya sai ta fita daga hannun mai bayarwa yana cikin lafiyarsa. Gidan da kuke ciki, in maigida ya ce ya ba yaro amma ya ci gaba da zama a ciki har ya rasu, magada suna da hujjar rushe kyautar. Fili ko shago ko wani gidan dabam ya fi sauƙi: a yi takardar kyauta a gaban notar, a sauya sunan da ke kan takardar mallaka zuwa na yaron, da sunan ubansa na gaskiya, kuɗin hayar kuma a rinƙa ajiye masa dabam.