Yadda Ake Gane Dusar Ƙanƙarar Da Za Ta Iya Zaftarewa

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda mai wasan zamiya a tsaunukan Suwizalan, nesa da hanyoyin da aka gyara, zai gane ko dusar ƙanƙara za ta riƙe shi.

Ka fara da sanarwar da cibiyar SLF, mai binciken dusar ƙanƙara da zaftarewarta a garin Davos, take fitarwa kullum a lokacin hunturu, wadda ke auna haɗari daga mataki na 1 zuwa na 5. Mataki na 3 ne ya fi cin rayuka, domin mutane suna raina shi. Mafi yawan zaftarewa kuma tana aukuwa ne a gangaren da karkatarsa ta kai digiri 30 zuwa 45.

Dusar tana kwanciya ne hawa-hawa, kuma haɗarin yana ɓoye inda sabon hawa mai tauri, wanda iska ta tara, ya zauna a kan tsoho mai kama da sukari. Shi ya sa ake haƙa rami, a yanke ginshiƙin dusar mai faɗin santimita 30 ta kowane gefe, a ɗora shebur a kansa, a buga sau 10 daga wuyan hannu, 10 daga gwiwar hannu, 10 daga kafaɗa. Idan ya tsage santsi tun bugun farko-farko, ka sauya hanya. A ganina rami ɗaya bai isa hujja ba; jin ƙasa ta yi "wuf" ƙarƙashin ƙafarka, ko ganin tsaga tana gudu gabanka, ya fi shi faɗin gaskiya.

Kada ka fita ba tare da na'urar gano wanda ya binnu, da sandar lalube, da shebur ba.