Amsa: Shin matsin lambar ƙungiyoyi na kawo wa talaka magani?

Malam, ka tambaya ko fafutukar ƙungiyoyi ta taɓa ƙara wa talaka ko ƙwayar Panadol a asibitin gwamnati. Ta taɓa, sai dai tafiyar hawainiya ake yi.

Dubi Dokar Lafiya ta Ƙasa. Majalisa ta amince da ita a 2011, Jonathan bai sa hannu ba, sai da ƙungiyoyin farar hula suka yi ta naci aka sake ta, ya rattaba hannu a 2014. Dokar ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kula da lafiya a matakin farko. To amma fa ba a sa kuɗin a kasafi ba sai 2018! Shekara huɗu doka na kwance a takarda. Alkawarin Abuja na 2001 kuwa, wanda shugabannin ƙasashen Afirka suka ɗauka na ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, har yau gwamnatin tarayya ba ta cika ba.

Ni a ganina, inda kake da ƙarfi shi ne kwamitin ci gaban mazaɓarka. Je ka zauna taronsu, ka tambayi mai kula da ƙaramin asibitin mazaɓar nawa ya shigo asusun asibitin, me aka saya, me ya sa har yanzu mai naƙuda ke zuwa da safar hannu da fitila daga gida.