Abin da ya sa nob ɗinka ya daina jin magana

Ka tambaye ni abin da ya sa jiya ka ɗaura nob-nob ɗin ƙaramin kibod ɗin nan a kan miksar FL Studio, manhajar da kake haɗa waƙa da ita, komai ya tafi daidai, yau kuma ka buɗe sabuwar waƙa ka yi ta murɗawa ba abin da ya motsa, sai nob ɗaya da ke rage maka ƙarar fiyano alhali ba kai ka sa shi ba. Har kana cewa ko mu kai shi Sabon Gari a duba. Kada ka kai shi ko'ina, ƙanena, lafiyarsa lau.

Kibod ɗin nan ba ya fitar da sauti ko kaɗan. Lambobi kawai yake turawa. In ka murɗa nob, abu uku ne ke tafiya ta wayar USB: tashar da saƙon ya biyo, daga 1 zuwa 16, sai lambar nob ɗin da ake kira CC, daga 0 zuwa 127, sai kuma inda ka kai shi, shi ma daga 0 zuwa 127. Haka aka tsara MIDI, wato yaren da kayan kiɗa ke tura irin wannan saƙon da shi, tun 1983, lokacin da Dave Smith na Sequential Circuits a Amurka da Ikutaro Kakehashi na Roland a Japan suka ja gaba wajen haɗa kan kamfanoni, kuma da wannan tsarin muke aiki har yau. Nob ɗan aike ne, an ba shi takarda da lambar gida, bai san abin da ke ciki ba. Manhaja ce ke yanke shawarar abin da za a yi da saƙon.

To, wasu lambobin suna da masu su tun asali. CC 1 na wilin girgiza sauti ne, CC 7 na ƙara, CC 10 na karkata sauti hagu ko dama, CC 11 na ƙarfin busa ko jan goge, CC 64 na fedar ƙafa mai riƙe sauti. 0 da 32 na zaɓen rumbun sautuka ne. Daga 120 zuwa 127 kuwa ko kusa da su kada ka je, a nan ne ake da umarni irin na a kashe duk sauti nan take. Ina kyautata zaton nob ɗin da ke rage maka fiyano yana tura CC 7 ne, fulogin ɗin kuma, wato 'yar manhajar da ke fitar da sautin fiyanon, yana jin wannan lambar ko ba a ɗaura masa komai ba. Maganinsa a jikin kibod yake. Kusan kowane kamfani na ba da ƙaramar manhajar gyara saitin injinsa, Akai na da ta MPK Mini, Korg na da Kontrol Editor na nanoKONTROL2. Buɗe ta, ka ba nob takwas ɗin lambobi a jere daga 20 zuwa 27, domin ba a ware waɗannan wa kowa ba, ka tura saitin cikin ƙwaƙwalwar kibod ɗin. Daga nan ko a wace kwamfuta aka jona shi lambobin da zai faɗa ke nan.

Sai batun ɓacewar aikinka na jiya. Yadda ka yi, wato ka danna dama a kan fedar miksa, abin da ake ja sama da ƙasa don ƙara, ka zaɓi Link to controller, ka murɗa nob ya kama, daidai ne. Sai dai irin wannan ɗaurin a cikin fayil ɗin waƙar yake zama. Ka buɗe ta jiya za ka tarar da shi yana nan. Sabuwar waƙa kuwa ba ta san da zamansa ba. Hanya biyu ce. Akwai ɗaurin da ke bin manhajar gaba ɗaya: ka kunna Multilink da Ctrl da J, ka taɓa abubuwan da kake so a allo, ka danna dama a kan maɓallin Multilink ɗin ka zaɓi Override global links, sannan ka murɗa nob-nob ɗin bi da bi. Wannan yana bin duk tagar da ke gabanka ne, shi ya sa yake da daɗi wajen fulogin, nob ɗaya ya yi wani aiki a nan, ya yi wani a can. Amma a kan miksa ni ban cika son sa ba. Mawaƙi na cikin ɗakin ɗauka yana cewa a ƙaro masa murya a kunne, kai kuma wata taga ce a gaba, ka murɗa ka je ka ɓata sautin da aka gama saitawa. Na fi son a buɗe fayil babu komai a ciki, a jera layukan miksa, a yi ɗaurin sau ɗaya, a ajiye shi a matsayin tamfilet, kowace sabuwar waƙa daga shi za ta fara.

Kafin ka yi wannan, danna F10 ka shiga saitin MIDI, ka ba kibod ɗin lambar Port, ka bar ta a haka har abada. Ɗaurin yana riƙe lambar nan tare da tasha da CC. Ranar da wani ya sauya ta, duk abin da ka ɗaura zai yi shiru ko da tamfilet ɗin na nan.

Abin da za ka ɗaura ya fi yadda za ka ɗaura muhimmanci, a nan kuma yara ke ɓata lokaci. Ka ga nob takwas da fad takwas, wato maɓallan robar da ake bugawa da yatsa, sai ka ji dole kowanne ya samu aiki biyar. Zauna tukuna ka lura da abin da hannunka ke kai wa linzami sau da yawa in ana ɗaukar murya. Ƙarar kiɗa, ƙarar jagoran waƙa, ƙarar 'yan amshi, yawan amsa-kuwwa da mawaƙi ke ji, sai ɗauka da tsayawa. Su ke nan. Ka ba kowanne wurinsa, ka manna farin tef a ƙarƙashi ka rubuta da biro, kada ka sake sauya musu wuri, har hannunka ya riƙa zuwa can idonka na kan mawaƙi. A fedar babban layi kuma akwai wata 'yar dabara. Fedar miksar FL tana wuce 100 har zuwa 125 cikin ɗari, wanda ke nufin in ka kai nob ƙarshe ka wuce gona da iri. A cikin tagar ɗaurin akwai gurbin Mapping formula, rubuta Input*0.8 a ciki. Ko wa ya zo ya murɗe shi har ƙarshe, a kan 100 zai tsaya.

Za ka gamu da tsalle. Ka bar nob a ƙasa, ka buɗe waƙar da fedarta ke sama, kana taɓawa sai ƙara ta faɗo gaba ɗaya, domin nob ɗin ya faɗi inda yake ne, manhaja kuma ta bi. Kunna Pickup a saitin MIDI, fedar ba za ta motsa ba sai nob ya iso inda take. Manhajar Ableton ma na da irinsa a ƙarƙashin Takeover Mode. Nob mai juyawa ba iyaka ba shi da wannan ciwon in an saita shi yana faɗin ƙara ko rage maimakon lamba.

Da hunturu ka riƙa rufe injin da ƙyalle. Ƙurar Zariya in ta shiga cikin nob sai ya riƙa rawa shi kaɗai tsakanin 63 da 64 ba wanda ya taɓa shi. Kana buɗe tagar ɗauri, kafin ka kai hannu ga wanda kake so, mai rawar ya riga ya kama gurbin. In ka ga taga ta rufe da kanta, ko alamar MIDI a saman allo tana ƙyaftawa hannunka na aljihu, shi ne. Ka yi ta murɗa shi daga farko zuwa ƙarshe, sau da yawa yana washewa. In ya ƙi, cire alamar Auto detect ka rubuta tasha da lambar da hannu.

Fad kuwa yawanci ba CC suke turawa ba, lambar noti ce. A tsarin General MIDI na 1991 ganguna na tasha ta 10, babbar ganga 36, ƙaramar ganga sinya 38, faranti a rufe 42, a buɗe 46. In ka buga fad ka ji wani abu daban, lambar ce ba ta dace da inda ka ajiye sautin ba. Ka riƙa aiki da lamba, ka bar suna, domin noti 60 FL na kiransa C5, Ableton na kiransa C3, kuma abu ɗaya ne.

Kalangun da ka ɗauko sautinsa, kada ka ɗaura hawa da saukar muryarsa a kan nob. Mai kalangu igiyoyi yake matsawa a hammata, sautin ya miƙe ya dawo ba gargada. Nob mataki 128 kawai yake da shi, in ka ja sauti da nisa kunne na jin yana hawa kamar tsani. Wilin lanƙwasa sauti kuwa mataki 16,384 tsarin ya tanadar masa, kuma yana komawa tsakiya da kansa in ka saki, kamar yadda makaɗi ke sassauta hannu. Yawanci rabin murya biyu ake barin iyakarsa, ka ƙara ta zuwa huɗu ko biyar a saitin layin, ka buga da dama kana matsawa da hagu.

In da babban Yamaha PSR za ka yi aikin, kashe Local Control tukuna, wato saitin da ke sa shi fitar da sautin kansa in ka danna, in ba haka ba za ka ji kowane noti sau biyu, nasa da na kwamfuta. Gobe kafin masu waƙar biki su iso ka haɗa tamfilet ɗin, ka ajiye kwafi a filasha saboda halin wutar nan, ka kira ni in murɗa in gani.