Gwada saƙo mai layuka da yawa bayan an sake kunna Filebeat

Ka tambaya yadda za ka tabbatar saƙon kuskure mai layuka da yawa na manhajar da aka rubuta da harshen Java bai rabu gida biyu ba idan an kashe Filebeat (manhajar da ke karanta fayilolin log tana tura saƙonnin cikinsu zuwa wani wuri) an kunna. Ni ga yadda nake yi: in rubuta rabin saƙon cikin fayil, in tsayar da Filebeat nan take, in ƙarasa sauran layukan, sannan in kunna shi. Ka hanzarta tsayar da shi fa, domin a saitinsa na asali, bayan daƙiƙa 5 yakan tura abin da ya tara ko bai cika ba.

Sai ka duba: saƙo ɗaya ya iso, ko guntaye? Maimaici ba abin mamaki ba ne, tunda sai wurin da aka tura saƙon ya tabbatar da karɓa Filebeat yake rubuta inda ya tsaya a fayil ɗin. Ka sake gwajin da kill -9 (umarnin kashe manhaja da ƙarfi nan take), nan ne matsala ta fi ɓuya.