Amsa: Zazzaɓin dare bayan walda a Suame

Malam, ka ce ƙaninka da ke walda a Magazine na Suame, unguwar makanikai a Kumasi ta Ghana, yana kwana da zazzaɓi da tari duk ranar da ya ƙona farin bututu, kana tambaya ko hayaƙin ne. Eh, hayaƙin ne. Farin bututun nan an lulluɓe shi da sinadarin zink, idan wuta ta taɓa shi sai ya tashi ya zama ƙura mai laushi wadda gashin hanci ba ya iya tarewa. Tana wucewa har can ƙasan huhu, inda ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira makrofaj suke gadi. Su haɗiye ta kamar yadda suke haɗiye ƙwayar cuta, sai su yi ta sakin sinadaran da ke tayar da kumburi. Zazzaɓin kenan, kuma yakan sauka cikin kwana ɗaya ko biyu.

Sai dai kada saukarsa ta ruɗe ku. Na shekara ina walda cikin kwantena, majinata baƙa ƙirin, ina ta shan madarar gwangwani wai tana wanke ƙirji. Ba ta wanke komai. Masu gadin nan idan suka cika da ƙurar ƙarfe sai su yi rauni, shi ya sa nimoniya ta fi kama masu walda, kuma tun 2017 sashen binciken cutar kansa na Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ya sa hayaƙin walda cikin masu jawo cutar kansa. Ƙanin naka ya fito fili, ya tsaya inda iska za ta kwashe hayaƙin daga fuskarsa, ya sa takunkumi mai matata, ba hankici ba. In zazzaɓin ya haura kwana biyu ko numfashi ya yi wuya, ku tafi asibitin Komfo Anokye.